Buhu Tara na Wake a Ƙasar Akko: Yadda Gwaji Ya Raba Wata Gardama

A ƙasar Gombe ana roron wake ne bayan ɗaukewar ruwa, kuma a daidai lokacin ne farashinsa yake karyewa a Tudun Hatsi da kasuwar Kumo, saboda kowa ya kawo nasa a lokaci guda. Manomin da ya iya riƙe wakensa har bazara ko farkon damina shi ne yake cin moriyar wahalarsa, sai dai tsakaninsa da wannan riba akwai wani ɗan ƙaramin ƙwaro wanda bai kai rabin ƙwayar shinkafa girma ba. Abin da zan bayyana a nan wani gwaji ne da muka gudanar da ƙungiyar manoma a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Akko, lokacin da nake aikin malamin gona a yankin. Gwajin ƙarami ne ƙwarai, babu ɗakin bincike kuma babu na'ura, amma duk matakan da masu binciken kimiyya suke bi sun bayyana a cikinsa, har da kuskuren da ake iya tafkawa.

Sai an san halin ƙwaron kafin a fahimci gardamar. Masana suna kiransa Callosobruchus maculatus. Macen tana manna ƙwanta a jikin ƙwayar wake, kuma wanda ya duba da kyau zai ga ƙwan kamar ɗigon farin fenti. Idan ya ƙyanƙyashe, tsutsar ba ta fitowa waje, sai ta huda ta shige cikin ƙwayar kai tsaye, ta yi ta ci daga ciki har ta rikiɗa ta zama ƙwaro, sannan ta ɓula wata ƙofa mai da'ira ta fito. A yanayin zafi irin namu wannan zagaye yana kammala cikin mako uku zuwa huɗu, kuma mace ɗaya tana iya saka ƙwai da ya doshi 100. Saboda haka buhun da aka ɗinke a Disamba da ƴan ƙwari kaɗan, kafin Afrilu ya ga zuriya huɗu ko biyar, kowace ta ninka wadda ta gabace ta. Kamuwar kuma tun daga gona take farawa, tun wake yana cikin kwansonsa.

Abin da mutane suka saba yi shi ne zuba magani: ƙwayar bom, ko fiya-fiya, ko gamalin a shekarun baya. Illar wannan ba labarin nesa ba ce gare mu. A 2008 an kwantar da ɗalibai mata fiye da 100 na wata makarantar sakandare a garin Gombe bayan sun ci abincin wake, kuma gwajin hukumar NAFDAC ya nuna sinadarin gamalin a ciki. A watan Yunin 2015 kuma Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan sinadarin kashe ƙwari na DDVP da aka riƙa samu a jikinsa, alhali Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya. Wannan ne ya sa batun ajiya ba tare da magani ba yake da nauyi a zuciyata, domin waken da muke zuba wa guba shi ne ƙosan da ƴaƴanmu suke karyawa da shi.

Buhun da ake kira PICS, wanda manoma suka fi sani da buhu mai leda biyu, ya samo asali ne daga binciken da Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue ta Amurka ya fara tare da masu binciken aikin gona na Kamaru a Marwa a ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka ƙaddamar da babban shirin yaɗa shi a ƙasashe 10 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya da tallafin Gidauniyar Bill da Melinda Gates. Tsarinsa mai sauƙi ne: leda biyu masu kauri, kowace kaurinta maikiron 80 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya), ɗaya a cikin ɗaya, sannan buhun saƙa a waje wanda yake ɗaukar wahalar ja da dako. Kowanne daga cikin ukun ana murɗe bakinsa, a lanƙwasa, a ɗaure shi daban.

Ranar da na kai buhun ƙauyen, mun zauna a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Na gama bayani ke nan sai wani dattijo mai harkar sayen hatsi, wanda ake kira Alhaji, ya karɓi ledar, ya shinshina ta, ya murza ta tsakanin yatsunsa, ya ce: "Malam, ni ban musa cewa yana aiki ba, domin na ga wanda ya ajiye a Kumo. Amma kada ka ce mana babu magani. Masu yin ledar nan sun shafa mata magani tun daga kamfani, shi ya sa take da tsada." Wani manomi kuma ya ce ai duk a banza ne, wake shi yake haifar da ƙwarinsa, ko a kwalba ka rufe shi sai sun fito. Ni kuwa na tsaya a kan abin da aka koya mana, cewa rashin iska ne yake kashe su. Aka yi ta ja-in-ja har aka kira magariba, kowa yana kawo shaidar abin da ya gani ko ya ji, kuma babu wanda ya gusa daga inda yake.

Da na koma gida na yi nazarin maganar dattijon, sai na ga ba ta wasa ba ce. Abin da ya gani da abin da na gani ɗaya ne: an zuba wake a buhu, an buɗe bayan watanni, an tarar da shi lafiya. Bayaninsa ya dace da wannan, nawa ma ya dace. Idan da na sake kawo buhu goma na nuna musu duk sun yi aiki, da ban rage masa hujja da komai ba, domin zai ce ai ledar goma duk da maganinsu. A nan ne hanyar kimiyya take rabuwa da nuni irin na talla. Mai talla yana neman ya tara shaidun da suka goyi bayansa. Mai bincike kuwa yana neman wani yanayi ne inda bayanai biyun za su yi hasashen abu biyu mabambanta, ta yadda dole ɗaya ya faɗi. Tambayar da na yi wa kaina ita ce: me zai faru idan aka bar ledar yadda take, amma aka ba iska hanyar shiga? Idan magani ne a jikin leda, huda ta ba zai cire maganin ba, ƙwari za su mutu duk da haka. Idan kuwa toshe iska ne sirrin, to, buhun da aka huda zai lalace kamar kowane buhu.

Washegari na kai wannan shawara gaban mai unguwa. Na ce: "Ranka ya daɗe, ina so Alhaji ya faɗi a gaban jama'a abin da yake tsammanin za a gani, ni ma in faɗi nawa, a rubuta, tun kafin a ɗaure buhu ko ɗaya." Na nace a kan rubutawar ne domin zuciyar ɗan Adam tana da saurin gyara abin da ta faɗa idan sakamako ya fito, kuma wannan bai bar mai ilimi ba bai bar marar ilimi ba. Limamin garin ne ya rubuta da ajami, aka ba mai unguwa takardar ya ajiye.

Daga nan muka shiga tsari, kuma a kan tsarin ne na fi so mai karatu ya tsaya. Waken da ƴan ƙungiya suka tara, farin wake ne duka, mun juye shi wuri guda a kan tamfol, aka shanya, aka sheƙe, sannan samari suka yi ta cakuɗa shi da shebur har ya zama ba a iya cewa ga na wane. Dalili shi ne, da kowa ya zuba na gonarsa a buhunsa, da an sami bambanci sai a ce ai waken wane dama ya fi bushewa, ko na wane ya fi kamuwa tun daga gona. Kafin a zuba, mun ɗebi ƙwaya 100 daga wurare daban-daban na tarin, muka ƙirga masu huji da masu farin ɗigon ƙwai, muka rubuta, domin wanda bai san inda ya taso ba ba zai iya auna tafiyar da ya yi ba. Sai muka kasa waken buhu tara. Uku buhun saƙa ne zalla irin wanda aka saba, babu leda babu magani. Uku buhu mai leda biyu ne da aka ɗaure bisa ƙa'ida. Ukun ƙarshe kuma buhu mai leda biyu ne, sabo fil daga dila ɗaya da sauran, amma Alhaji da hannunsa ya sa basilla ya huhhuda ledojin sama da ƙasa kafin a zuba.

Buhunan saƙa zalla su ne suka fi jawo ƙorafi. Wata dattijuwa daga cikin matan ƙungiyar ta aiko a tambaye ni don me za a bar abinci ya lalace da gangan, kuma tambayar tana da hujja, shi ya sa muka mayar da buhunan rabi-rabi maimakon cikakku. Amma barinsu ya zama dole. Akwai shekarar da ƙwari ba su cika yawa ba, kuma da mun faɗa a irin wannan shekara babu buhun kwatance, da mun buɗe mun ga wake lafiya mun yaba wa leda a kan aikin da ba ta yi ba. Buhun da aka bari babu kariya shi ne mizanin da ake auna sauran da shi. Maimaita kowane iri sau uku kuma ya kare mu daga hukunci da abin da ya faru bisa tsautsayi. An zaɓi gidaje uku, kowane gida ya karɓi ɗaya daga kowane iri, kuma ƙuri'a aka jefa wajen raba su, don kada a ce malamin gona ya kai buhunan da yake so ɗakin da ya fi sanyi. Wannan dabara ta ƙuri'a da maimaici Ronald Fisher ne ya kafa ta a gwaje-gwajen gona a tashar bincike ta Rothamsted da ke Ingila a shekarun 1920, kuma har yau a kanta ake tafiya a gwajin iri da na taki da na magungunan asibiti.

Maganar manomin da ya ce wake yana haifar da ƙwarinsa ita ma tana da tsohon tarihi, domin Turawa sun daɗe suna ɗaukar cewa ruɓaɓɓen nama shi yake haifar da tsutsa, har sai da wani likita ɗan Italiya, Francesco Redi, ya zuba nama a kwalabe a 1668, ya rufe wasu ya bar wasu a buɗe, tsutsa ta fito a inda ƙuda ya sami sauka kawai. Mu ba mu buƙaci watanni ba a kan wannan. Na sa reza na tsaga ƴan ƙwayoyin da suke da farin ɗigo amma babu huji, na ɗora a tafin hannunsa. A cikin wasu ga tsutsa fara a naɗe tana motsi. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce ashe da baƙonsa yake shiga buhu.

Mun ɗaure a watan Disamba, muka buɗe a farkon Mayu, ranar da ba ta kasuwa ba, a gaban jama'a. Buhunan saƙa tun kafin a kwance su an san labarinsu: jikinsu da ɗumi, ƙwari suna bin bakin ɗinki, kuma da aka zura hannu sai gari ya biyo yatsu tare da wani wari mai hawa kai. A ƙwaya 100 da muka ƙirga daga kowanne, da wuya ka sami wadda ba ta da huji, wasu huji uku wasu huɗu. Buhunan da Alhaji ya huda su ma sun lalace, ko da yake ɓarnarsu ba ta kai ta na saƙa zalla ba, amma ƙwari masu rai suna ta yawo a cikin ledar da aka ce tana da magani. Biyu daga cikin buhunan da aka ɗaure bisa ƙa'ida kuwa sun fito da wake mai sheƙi, yana ƙara idan an zuba shi a kwano, da ƴan matattun ƙwari a saman leda, kuma ƙidayar masu huji ba ta yi nisa da ta ranar farko ba. Aka ɗauko takardar liman aka karanta. Alhaji ya ce: "Malam, na janye. Gani ya kori ji."

Saura buhu na tara, wanda aka ɗaure bisa ƙa'ida a gida na uku. Da aka buɗe shi, sai ga ƙwari da rai, da huji mai yawa.

Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne in ce biyu cikin uku sun isa hujja, a wuce wurin. Na tabbata kuma da na yi haka babu wanda zai tsayar da ni, domin jama'a sun riga sun gamsu. Amma sakamakon da ya saɓa wa tsammani yana cikin sakamako, kuma mai binciken da ya jefar da shi don ya gyara labarinsa ya bar bincike ya koma talla. Bayan haka, idan har buhu yana iya ƙin aiki ba tare da dalili ba, to, haƙƙin manomi ne ya sani kafin ya zuba kuɗinsa. Sai muka juye waken, muka hura ledojin muka matse don a ji ko iska tana fita, muka ɗaga su a rana muna neman hujin ɓera ko tsagar tsinke. Ba mu sami komai ba. Abin da ya ja hankalina shi ne ɗaurin: mu mun ɗaure baki uku daban-daban da igiyar roba, amma a wannan buhun an haɗe ledojin biyu an ɗaure su tare da ƙyalle. Na ja maigidan gefe, na ce: "Baba, ko an taɓa buɗe buhun nan?" Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce an yi haihuwa a gidan cikin watan Janairu, iyali suka ɗebi na alalar suna, daga baya kuma an sake ɗiba sau da yawa, shi bai ɗauka hakan zai ɓata wani abu ba tunda ana mayarwa a ɗaure. Laifin ya fi komawa kaina, domin ban yi wa matan gidajen bayani da kaina ba, alhali su ne masu shiga ɗakin ajiya, kuma ban riƙa zagayawa kowane wata ina duba ɗauri ba. Da izninsa aka bayyana wa jama'a. Wannan buhu bai rushe bayanin iska ba, ya ma ƙara masa ƙarfi, amma na rubuta shi a rahotona a matsayin buhun da aka karya ƙa'idarsa, tare da dalilin, maimakon in share shi daga lissafi.

Ya kamata a faɗi iyakar abin da gwajin ya tabbatar. Ya nuna cewa a ƙauye ɗaya, a shekara ɗaya, da farin wake busasshe, kariyar buhun ta dogara ne ga rufuwarsa, kuma ledar ba ta kashe ƙwaro da kanta. Bai ce komai ba game da masara ko gyaɗa, ko waken da bai gama bushewa ba, kuma ba mu auna iskar da ke cikin buhun ba, mun dai yi istinbaɗi ne daga abin da ya faru. Abin da ya ba ni ƙarfin gwiwar shawartar manoma shi ne cewa wasu masu bincike da ba su san da mu ba, irin su Ibrahim Baoua da abokan aikinsa na cibiyar binciken aikin gona ta Nijar a Maraɗi, sun gwada buhun da kayan awo, sun buga sakamakonsu inda sauran masana za su iya tantancewa da sukarsa, kuma ya zo daidai da namu.

Akwai kuma wani gyara da ya zo mini daga baya, wanda ya shafi bayanin da na tsaya a kansa a ƙofar mai unguwa. Shekara da shekaru muna gaya wa manoma cewa ƙwarin suna shaƙewa ne su mutu, kamar mutumin da aka toshe wa hanci. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 nata oksijin ne, kuma gaskiya ne cewa a cikin rufaffen buhu numfashin ƙwarin da kansu yana cinye wannan oksijin har ya ragu ƙwarai. Amma masu binciken Purdue ba su tsaya ga cewa buhu yana aiki ba, sun ci gaba da tambayar ta wace hanya. Suna da wata na'ura mai sauraren sautin da kunnen mutum ba ya ji, wadda take kama ƙarar cizon tsutsa a cikin ƙwayar wake, kuma da ita ake gane cewa idan oksijin ya ragu tsutsar tana daina ci tun kafin ta mutu. A 2012 Murdock da abokan aikinsa suka buga binciken da ya nuna cewa abin da yake ƙarasa ta bushewar jiki ne. Tsutsar da take zaune cikin busasshiyar ƙwaya ba ta da wurin shan ruwa, mafi yawan ruwan jikinta tana samunsa ne idan jikinta ya ƙona abincin da ta ci da oksijin, domin wannan ƙonawa tana fitar da ruwa. Idan oksijin ya yanke, rijiyarta ce ta ƙafe. Wato mutumin da ya ƙirƙiro dabarar shi ne ya dawo bayan fiye da shekara 20 ya gyara bayanin da ake yi mata, kuma wannan abu ya ƙara masa daraja a idona.

Gyaran yana da amfani a aikace. Ya bayyana dalilin da ya sa mutuwar ba ta zuwa a kwana ɗaya ko biyu, da dalilin da ya sa buɗe buhu a makonnin farko yake da haɗari, domin tsutsar da ta daina ci ba lalle ta mutu ba, kuma da iska ta shiga za ta koma bakin aikinta. Abin da ya faru a gida na uku ke nan: kowace buɗewa sabuwar iska ce ga waɗanda suka rage. Tun daga lokacin na sauya yadda nake bayani, kuma ina ba masu iyali shawarar su ware na ci a jarka ko ƙaramin mazubi, su bar babban buhu a ɗaure har ranar sayarwa.

Kafin a watse a ranar buɗe buhunan, dattijuwar nan da ta yi ƙorafin ɓarnar abinci ta sake aiko da tambaya: waken da ya yi wata biyar babu iska, zai tsira idan an shuka shi? Ban amsa mata da baki ba. Mun cika faranti biyu da jiƙaƙƙen rairayi, muka jera ƙwaya 50 daga rufaffen buhu a ɗaya, 50 daga irin da ta adana cikin toka a ɗayan, aka rubuta alama a ƙarƙashin kowane faranti inda mai ƙirga ba zai gani ba, aka ajiye su a inuwar zauren mai unguwa, aka ɗora wa jikanta yayyafa musu ruwa safe da yamma har kwana bakwai.